Zancen Zuci da Faɗan Makaranta: Tarihin Wani Zargi da Aka Yi wa Yara Kurame

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin malaman makarantun kurame, tun daga Turai da Amurka har zuwa ƙasashenmu, wai yaro kurma mai saurin fushi ne, mai saurin hannu, ba ya tsayawa ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya aikata. Maganar ba a baki kaɗai ta tsaya ba, ta shiga littattafan da a ke horar da malamai da su, har aka ɗauka wani hali ne da a ke haihuwar yaron da shi. Nufina a wannan takarda in bi sawun wannan zargi, in nuna inda ya samo asali, da waɗanda suka ƙarfafa shi, da waɗanda suka kwance masa gindi. Ni ba likita ba ne, nazarin harshe na koya, ta wannan ƙofa kuwa na shiga zancen, domin a ganina tarihin faɗan waɗannan yara ba ya rabuwa da tarihin harshen da aka hana su.

Kafin mu shiga tarihin ya kamata mu daidaita kalmomi. Abin da zan riƙa kira waiwayen kai shi ne mutum ya iya juyowa ya dubi abin da ke ransa kamar yadda zai dubi na wani, ya san cewa fushi ya ke yi, ya tambayi kansa dalili, ya auna abin da zai biyo baya. Hausa ba ta rasa hanyar faɗin wannan ba. Da kalmar "kai" mu ke mayar da aiki ga mai yinsa: ya kama kansa, ya zargi kansa, ya yi wa kansa faɗa. A cikin kowace jimla daga cikin waɗannan mutum ɗaya ya rabu biyu, akwai mai kamawa da wanda a ke kamawa. Abin da ke gudana tsakanin biyun nan shi mu ke kira zancen zuci. Wani abu kuma da ke ba ni sha'awa, a rubutun boko kalmar faɗa ta rigima da faɗa ta magana ba su da bambanci, sai a baki karin sauti ke raba su, ta farko ta sauka, ta biyu ta hau. Ban ce asalinsu ɗaya ba ne, amma mai karatu zai ga yadda rashin ta biyu ke jawo ta farko. Game da kurma da bebe, Bahaushe ya kan ce kurma ga wanda ba ya ji sosai ko da yana magana, bebe ga wanda ba ya ji kuma ba ya magana. A nan da na ce kurame, duka biyun na ke nufi.

Makarantar kurame ta farko da ta buɗe ƙofa ga ɗan kowa ita ce wadda wani limamin Kirista, Charles-Michel de l'Épée, ya kafa a birnin Faris wajen 1760. Wannan mutum ya lura kuramen birnin suna da maganar hannu tasu tun bai zo ba, sai ya koya daga gare su, ya gina koyarwarsa a kanta, ko da ya ke ya ɗora mata waɗansu alamu na ƙirƙira don ta bi nahawun Faransanci. A Jamus kuwa Samuel Heinicke ya buɗe tasa a Leipzig cikin 1778, ya ce shi sam, sai dai yaro ya koyi furta kalma da baki, ya kuma karanci leɓen mai magana. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta Faris ta fid da malamai kurame da suka shahara, irin su Jean Massieu da Laurent Clerc. Clerc ne ya bi Thomas Gallaudet zuwa Amurka, suka kafa makaranta a Hartford cikin 1817.

A makarantar nan ta Faris aka yi wata rigima da ta cancanci mu tsaya a kanta. Akwai wani malami mai ji, Auguste Bébian, wanda ya ƙware a maganar hannu ta ainihi, yara kuma suna ƙaunarsa. Ya saɓa da hukumar makarantar, aka raba shi da aikinsa cikin 1821. Da aka yi juyin mulki a Faransa cikin 1830, sai kurame, Ferdinand Berthier na gabansu, suka kai wa sabon sarki Louis-Philippe kuka, suna neman a mai da Bébian. Ɗalibai su ma suka rubuta takardar ƙara, suna kukan cewa waɗansu malamansu ba su iya maganar hannu ba. Hukuma ta kira abin tawaye, ta kori waɗansu daga cikinsu. To, a dubi irin wannan faɗa. Yaran nan sun zauna, sun gane abin da ke damunsu, sun sa masa suna, sun rubuta shi. Wanda ba ya shawara da zuciyarsa ba ya rubuta takardar ƙara.

Shekara 50 bayan haka al'amari ya juye. Daga 6 zuwa 11 ga Satumba, 1880, malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, ƙarƙashin shugabancin Giulio Tarra. Wakilai 164 ne suka halarta, mafi yawansu Italiyawa da Faransawa, kuma kusan dukansu masu ji ne. Suka yanke shawara cewa koyar da magana da baki ya fi maganar hannu, suka ƙara da cewa haɗa su biyu ma ɓarna ne. 'Yan kaɗan ne suka ƙi, watau wakilan Amurka, cikinsu har da Edward Miner Gallaudet, da wani Bature ɗan Ingila, Richard Elliott. Taron ba shi da ikon kafa doka a kowace ƙasa, amma ya zo daidai da abin da zamani ke so. Lokacin ne ƙasashen Turai ke ƙoƙarin haɗa jama'arsu a kan harshe guda, suna kallon kowane ƙaramin harshe da zargi. A Amurka kuma Alexander Graham Bell, wanda a ke danganta wayar tarho da shi, ya gabatar da takarda cikin 1883 yana nuna tsoron kada kurame su riƙa auren juna har su zama wani jinsi dabam, ya ga maganar hannu ita ce ke tara su wuri ɗaya. Sakamakon ya bayyana a lissafi. Wajen 1870 kimanin kashi 40 cikin ɗari na malaman makarantun kurame a Amurka kurame ne, amma zuwa 1917 ba su kai kashi 15 ba.

Yanzu fa sai malami ya ɗauki kansa a matsayin yaro ɗan shekara shida da aka kai irin wannan makaranta. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, sabo da haka yawanci yaron ya zo ne da 'yan alamu kaɗan na gida, na ci da sha da zo da tafi. Ya tarar da yara irinsa suna magana da hannu a ɗakin kwana, cikin 'yan watanni ya fara kamawa, domin wannan ne harshen da idonsa ke iya ɗauka ba wahala. Amma a cikin aji an hana. Tsofaffin ɗalibai da yawa sun ba da labarin yadda a ke sa su zauna a kan hannuwansu, ko a buge su da sanda in an gan su suna yi. Sai a shafe sa'o'i ana koya masa ya ɗora yatsa a maƙogwaron malami ya kwaikwayi sautin da bai taɓa ji ba. Karanta leɓe kuwa aikin hasashe ne, domin sautuka da yawa kamarsu ɗaya a leɓe. Ko a Hausa, a gwada faɗin "baba" da "mama" a gaban madubi ba tare da murya ba, a gani. To, ranar da wani yaro ya ƙwace masa alkalami, wa zai kai wa ƙara, da wane harshe? Malamin da ya kamata ya raba su ba ya fahimtarsa, shi ma ba ya fahimtar malamin. Abin da ya rage masa shi ne hannun nan da aka hana shi magana da shi, sai ya dunƙule shi. Malam ya rubuta a littafi cewa yaron mafaɗaci ne. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani, makarantun nan kuwa sun yi shekaru suna tsaye a kan nasu.

Mutumin da ya fara ba da bayani mai gamsarwa a kan wannan ɗan Rasha ne, Lev Vygotsky, wanda aka haifa cikin 1896, ya rasu da ciwon tarin fuka cikin 1934 bai cika shekara 38 ba. Tun zuwansa Mosko cikin 1924 ya shiga aikin ilmin yara naƙasassu. Ya raba naƙasa gida biyu. Akwai ta farko, wadda ke jiki, kamar kunnen da ba ya ji. Akwai ta biyu, wadda ke tasowa daga yadda jama'a suka ware yaron suka yanke hulɗa da shi. Ya ce ta biyun ita ce ta fi ɓarna, ita ce kuma malami ke da iko a kanta.

Amma abin da ya fi shafarmu shi ne ra'ayinsa game da asalin zancen zuci. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya riga ya rubuta cikin 1923 cewa ƙananan yara su kan yi ta surutu su kaɗai suna wasa, ya ɗauki wannan alamar ƙuruciya ce da ke bushewa in yaro ya girma. Vygotsky ya ce ba bushewa ta ke yi ba, nutsewa ta ke yi. Ya gwada ya sa yaro zane, sa'an nan ya ɓoye fensirin da yaron ke bukata, sai ya ga surutun ya kusa ninkawa biyu, yaron yana tambayar kansa inda fensirin ya ke, yana ba kansa shawara. Ya kuma gwada ya sa yaro cikin waɗanda ba za su fahimce shi ba, kamar yara masu wani harshe ko kurame, sai surutun ya ragu ƙwarai. Daga nan ya gane cewa maganar da yaro ke yi wa kansa 'yar maganar da ya saba yi da mutane ce. Da fari uwa ce ke ce masa bari, dakata, me ya sa ka yi haka. Daga baya shi ke faɗa wa kansa a fili. Wajen shekara bakwai sai ta koma ciki, ta zama zancen zuci. In haka ne, yaron da bai sami wanda zai yi hira da shi ba cikin harshen da ya ke ganewa, an hana shi kayan da zai gina linzamin kansa da su.

Adalci ne a faɗa cewa Vygotsky bai gane wannan a rana ɗaya ba. A rubuce-rubucensa na farko shi ma ya ɗauki maganar hannu abokiyar gabar magana da baki. Sai wajen 1930 ya sauya, ya ce hanyar da ta fi amfani ita ce yaro kurma ya yi aiki da harshe fiye da ɗaya, har da na hannu. Bai daɗe ba ya rasu. Cikin 1936 gwamnatin Sobiyat ta haramta fannin nazarin yara da ya yi aiki a ciki, littattafansa suka ɓace daga kasuwa, ba a sake buga su ba sai 1956. Cikin 1950 Stalin da kansa ya rubuta a kan ilmin harshe, ya nuna cewa alamun hannu na kurame ba harshe ba ne. Babban littafin Vygotsky a kan tunani da magana bai fito da Ingilishi ba sai 1962.

A tsakanin nan masana a Amurka da Ingila suna ta auna yara kurame da jarrabawoyin da aka tsara wa masu ji, sau da yawa mai jarrabawar bai iya ko gaisuwa da hannu ba. Daga nan aka gina wani fanni da a ke kira ilmin halayyar kurma, wanda littafin Helmer Myklebust na 1960 ya zama jigonsa. Daga baya Harlan Lane ya tattara siffofin da irin waɗannan rubuce-rubuce suka laƙa wa kurame, ga faɗa, ga gaggawa, ga taurin kai, ga rashin hangen nesa. Ya jera su kusa da siffofin da 'yan mulkin mallaka suka laƙa wa mutanen Afirka, cikin littafinsa na 1992, sai ga jerin biyu sun yi kama kamar an tsaga kara. Mu da aka taɓa rubuta irin wannan a kanmu ba ma bukatar dogon bayani.

Rushewar zargin ta zo ta fuska biyu. Ta farko daga ilmin harshe. Cikin 1960 William Stokoe, malamin Ingilishi a kwalejin kurame ta Gallaudet a Washinton, ya nuna cewa kowace kalma ta maganar hannu tana rarrabuwa zuwa ƙananan sassa marasa ma'ana a kan kansu, watau wurin da a ke yin ta, da siffar hannu, da motsinsa, kamar yadda kalmar baki ke rarrabuwa zuwa baƙaƙe da wasula. A sauya ɗaya, kalma ta sauya. Wannan ita ce shaidar harshe cikakke. Fuska ta biyu ita ce kwatanta kurame da kurame. Kathryn Meadow, a ƙarshen shekarun 1960, ta kwatanta yara kurame da iyayensu kurame ne, waɗanda suka tashi da maganar hannu tun suna goye, da waɗanda iyayensu masu ji ne. Na farkon suka fi a karatu da natsuwa. Akwai kuma wata jarrabawa da Jerome Kagan ya tsara cikin 1964 don raba mai waiwaye da mai gaggawa. A nuna wa yaro hoto, sa'an nan a ba shi waɗansu masu kama da shi ƙwarai, a ce ya zaɓi wanda ya yi daidai, ana duban daɗewarsa kafin ya amsa da yawan kurensa. Robert Harris ya yi aiki da ita a kan yara kurame, ya buga sakamakon cikin 1978, ya sami 'ya'yan kurame sun fi tsayawa su duba. Kunnuwan duka ba sa ji. Abin da ya bambanta su shi ne lokacin da harshe ya riske su.

Kada dai a wuce gona da iri. Ban ce wanda ba shi da harshe ba ya tunani ba, Hans Furth ya nuna cikin 1966 cewa yara kurame suna warware matsaloli masu yawa na hankali ba tare da Ingilishi ba. Ban kuma ce duk faɗan da aka yi a makarantar kurame daga nan ya ke ba. Cututtukan da ke kawo kurumta, kamar sanƙarau, ko baƙon dauron Jamus da ya yi annoba a Amurka cikin 1964 da 1965, su kan taɓa ƙwaƙwalwa ta wata fuska. Yara kuma yara ne, tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Abin da bincike ya kawar shi ne cewa kurumta ita kanta ke haifar da faɗa.

Da aka gane haka sai malamai suka fara koyar da zancen zuci da gangan. Cikin 1971 Donald Meichenbaum da Joseph Goodman suka gwada koya wa yara masu gaggawa su riƙa yi wa kansu magana suna aiki, da fari a fili, sa'an nan a hankali, daga ƙarshe a zuci, watau suka bi hanyar da Vygotsky ya zana taki-taki. A shekarun 1980 Mark Greenberg da Carol Kusché a Seattle suka tsara darussa don yara kurame, inda a ke koya musu sunayen abubuwan da ke motsi a rai, fushi da kunya da kishi da takaici, da baki da hannu duka. Ƙanana a kan ba su labarin kunkuru, wanda in ransa ya ɓaci sai ya janye cikin ƙoƙonsa ya huce, sa'an nan ya faɗi abin da ke damunsa. Abin lura, darussan nan da aka fara don kurame daga baya aka kai su makarantun yara masu ji a ƙasashe da dama.

Faɗa kuwa bai ƙare ba, kamanninsa ne suka sauya. Ranar 6 ga Maris, 1988, hukumar Jami'ar Gallaudet, wadda ta yi shekara 124 ba ta taɓa samun shugaba kurma ba, ta zaɓi Elisabeth Zinser, mai ji, ta bar 'yan takara biyu kurame. Ɗalibai suka rufe ƙofofin jami'ar, suka kawo bukatu huɗu: Zinser ta sauka a naɗa kurma, shugabar hukumar Jane Spilman ita ma ta sauka, kurame su zama masu rinjaye a hukumar, kada kuma a hukunta kowa. Cikin mako guda aka amince da duka, ranar 13 ga Maris aka naɗa I. King Jordan. Shawarar Milan ita ma daga baya ta faɗi, domin taron malaman kurame na duniya da ya zauna a Bankuba ta Kanada cikin 2010 ya yi tir da ita a fili.

Wannan tarihi ya iso ƙasashenmu ta hannun wani ɗalibin Gallaudet ɗin, Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda sanƙarau ya kurumtar yana da shekara 11. Ya buɗe makaranta a Akara ta Gana cikin 1957, wata a Ibadan cikin 1960, kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda cikin 1987 kuwa ya kafa fiye da 30 a Afirka. Alherinsa shi ne bai kawo mana hanin Milan ba, da hannu ya koyar. Amma maganar hannun Amurka ya kawo, ita ce kuma ta yaɗu a makarantu ta hannun malaman da aka horar. A Kano kuwa kurame suna da tasu tun kafin a buɗe makarantar Tudun Maliki cikin 1977, suna da wuraren haɗuwarsu, masu ji da yawa a kasuwa da unguwa suna iya taɓa ta. Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, ta fid da littafi a kanta a Hambug cikin 2000, ta bayyana sassan kalmominta da tsarinta kamar yadda Stokoe ya yi wa ta Amurka.

A nan ne tambayar ta shafi sashen Hausa kai tsaye, da kwalejojin da ke horar da malamai. Yaron da ya zo aji daga Fagge ko Gwale yana iya zuwa da harshen da uwarsa da yayyensa suka taɓa yi masa faɗa da shi, suka lallashe shi da shi, watau ainihin kayan da zancen zucinsa ke ginuwa a kai. In malaminsa wata maganar hannu dabam ya koya a kwaleji, ko ma bai koyi kowace ba, to ranar da aka ƙwace alkalami, ƙarar za ta zo masa ne cikin harshen da ba ya ji.